Celon Marigayi Nagib Tadros

Nahid Shukri ta shekara ashirin da bakwai tana kaɗa celo a ƙungiyar makaɗan birnin Iskandariyya. Celo shi ne babban gogen nan da ake kafa ƙafarsa a ƙasa a rungume shi tsakanin gwiwoyi. A duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa zama a gaban makaɗa ita kaɗai ba. Kujerarta tana sahu na biyu, kusa da ta Sarwat, wani dogon mutum mai sanƙo da bakinsa ba ya hutawa. Tana zuwa gwaji kan lokaci, ta kaɗa abin da aka rubuta, ta share ƙaron da ya zuba a jikin celonta, ta hau tarago ta koma unguwar Ibrahimiyya wurin mijinta Wagdi. Hakan ya ishe ta, ba ta taɓa neman ƙari ba.

Ustaz Nagib Tadros ne ya koyar da ita tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Duk mai riƙe celo a garin, in ba ɗalibinsa ba ne to ɗalibin ɗalibinsa ne. Ya yi kiɗa a manyan zaurukan Turai tun yana saurayi, ya dawo gida da suna da kuma celon da kowa yake kira Ɗan Italiya, wanda aka ce ya haura shekara ɗari biyu. Ɗalibai ba su taɓa shi. In Ustaz ya jingine shi ya fita shan taba, sai su kewaye shi hannuwa a baya suna leƙe. Masu rubutu a jarida sun sha cewa irin muryar nan mai kauri da daɗi sai katakon mutanen da, ba a ƙara yin irinsa.

Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da Ustaz, sai aka rufe celon a ɗaki har shekara huɗu. Bayan ya rasu da shekara guda, ƙungiya ta shirya kiɗan tunawa da shi, aka ce za a kaɗa doguwar waƙar nan mai kashi uku da ya fi shahara da ita, wadda mai celo yake zama a gaba makaɗa saba'in suna amsa masa. Shugabanni sun so su kira wani tsohon ɗalibinsa da ya yi suna a ƙasashen waje. Suka je wurin matar marigayin, Madam Wedad, don ta ba da aron Ɗan Italiya. Ta saurare su har suka gama, ta ce za ta bayar, amma Nahid ce za ta kaɗa shi, in ba haka ba ya ci gaba da kwanciyarsa.

"Ranki ya daɗe," in ji Sarwat da labari ya iso ɗakin gwaji. "Shekara ashirin da bakwai ina juya miki takarda, ashe da babbar mace nake zaune. In kin je gaba kya riƙa waiwayowa ki ɗaga mana hannu."

"Ka rufe min baki, Sarwat. Tun yanzu tsoro ya kama ni."

"Ai da sauransa. Jira ki ga fitilu."

Mako uku ta yi tana zuwa gidan Madam Wedad a unguwar Ziziniya kowace safiya, tana kaɗa celon a ɗakin da ta koyi riƙe bakan goga tsirkiya tana yarinya. Da farko muryarsa a dishe take, ta wanda ya daɗe bai yi magana ba, daga baya ta fara buɗewa. Ranar Litinin ta makon kiɗan, Madam Wedad ta ce ta tafi da shi gida, tunda daga gobe za a fara gwaji da dukan makaɗa.

Ana ruwan hunturu ranar, irin mai zuwa da iska daga teku. Wagdi ya ajiye ta a ƙofar gida ya tafi neman inda zai ajiye mota. Lif ɗin gidan ya lalace tun satin da ya wuce, sai ta rungumi akwatin celon ta kama matakala. A kwanar hawa na uku takalminta mai laima ya zame. Ba ta faɗi ba, amma gindin akwatin ya daki ƙarfen matakalar, ta ji ƙarar har cikin haƙoranta. Tana shiga gida ta buɗe, ta duba gaba da baya a ƙarƙashin fitila, ba ta ga komai ba. Ta rufe, ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari da safe ta ɗora baka a kan babbar tsirkiya ta ja, sai ta ji wani zizar-zizar a ƙarƙashin sautin, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Ta cire 'yan kunnenta ta sake ja. Ta canja riga ko maɓalli ne yake taɓa katako. Ta ɗaure ƙafar celon, ta matsa maɗauran tsirkiya, ta buɗe taga ko gilashi ne yake rawa, ta koma ɗakin kwana da shi. Ƙarar tana nan, kuma daga cikin celon take fitowa.

Nahid ta san abin da hakan yake nufi. Ta taɓa ganin celon da ya tsage a ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi suke hawa. An gyara shi, amma muryarsa ba ta dawo ba har yau. Ta zauna a bakin gado. Abu ya shekara ɗari biyu yana yawo a duniya, ya ƙetare teku, ya tsira daga yaƙe-yaƙe, sai a matakalar gidanta zai zo ya mutu.

Ta ɗauki nata celon ta tafi gwaji. Jagoran makaɗa ya dube ta ta saman tabarau ya tambayi inda Ɗan Italiya yake, ta ce iska ta yi laima da yawa, ba ta son ta fito da shi. Ya gyaɗa kai ya ce ta yi tunani mai kyau. Wannan yabon ya fi komai yi mata ciwo. Ta kaɗa kashi na farko ba tare da ta ji abin da take kaɗawa ba, sau biyu tana shigowa kafin lokacinta.

Da aka tashi Sarwat ya tare ta a bakin ƙofa. Bai yi mata tsiya ba wannan karon.

"Ke lafiya kuwa? Fuskarki kamar wadda ta fito daga asibiti."

"Barci ne ban samu ba."

"To. In wani abu ne dai, kin san inda nake zama."

Da yamma Wagdi ya kawo mata shayi da na'ana'a ya same ta zaune tana kallon akwatin. A nan ta gaya masa. Ya shekara talatin yana sayar da magani, ya saba da mutanen da suke yanke wa kansu hukunci kafin su ga likita.

"Kin ga tsagar da idonki?"

"Ba sai na gani ba, Wagdi. Ina ji."

"Ni ma masu zuwa kantina duk suna ji. Gobe mu kai shi wurin Usta Garabet mai gyara."

"In ya ce ya tsage fa? Da wane baki zan gaya wa Madam?"

"Da wannan da kike gaya min. Sha shayinki."

Shagon Usta Garabet yana wani lungu a unguwar Attarin, tsakanin masu sayar da tsofaffin kujeru da agogunan bango. Ba'armeniye ne, asalinsu daga Armeniya, ya gaji shagon daga mahaifinsa, ya kusa tamanin, kuma babu abin kiɗa mai tsirkiya a garin da bai bi ta hannunsa ba. Suka same shi yana cin ful, wato dafaffen wake, da burodi a kan teburin aikinsa, tukunyar gam tana ɗumi a gefe. Yana ganin akwatin ya gane shi.

"A'a, yau tsohon abokina ne ya zo gaishe ni? Shekara biyar rabona da shi. Me ya same shi, 'yata?"

Nahid ta faɗa masa komai, matakala da ƙarfe da ƙarar. Ya goge hannu a jikin rigar aikinsa, ya kwantar da celon a kan bargo, bai ma dubi wurin da take nuna masa ba. Ya lanƙwasa yatsa ya fara ƙwanƙwasa gefen katakon, yana bin baki a hankali, kunnensa a kusa. Ko'ina sautin a cike yake fitowa. Da ya zo ƙasa ta hagu sai ya canja, ya yi fayau. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ya ɗauko wata siririyar wuƙa marar kaifi ya zura tsakanin katakon gaba da na gefe, ta shige ba tare da ya tura ba.

"Ga ɓarawonki," ya ce. "Gam ne ya saki. Tsawon yatsa huɗu."

"Bai tsage ba?"

"Ina ya tsage? Shekara biyar yana kulle a ɗaki busasshe, kin fito da shi cikin wannan ruwa, katako ya sha iska ya motsa. Da gangan muke sa gam marar ƙarfi a nan, don in katako ya motsa gam ɗin ya saki maimakon fuskar celon ta tsage. Ko ba ki buge shi ba, da zai buɗe cikin satin nan. Ƙarfen naki ya dai taya shi."

Nahid ta nemi wurin zama. Babu kujerar da ba a ɗora wani abu a kanta ba, sai ta zauna a kan wani akwati, ta rufe fuska da tafukanta. Kafaɗunta suka sauko. Sai a lokacin ta ji yadda wuyanta ya sandare tun ranar Litinin. Wagdi ya dafa ta, bai ce ai na gaya miki ba, kuma ta gode masa a ranta.

"Na ɗauka na kashe shi, Usta," ta ce. "Abin da Ustaz ya riƙe shekara hamsin ko ƙwarzane babu."

Usta Garabet ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ko ƙwarzane babu? Nagib? Taso ki gani."

Ya zura ƙaramar fitila ta ɗaya daga cikin ramukan fuskar celon, ya zura ɗan madubi mai dogon hannu ta ɗayan, ya ce ta sa ido. Ta sa. Cikin celon cike yake da faci, ƙananan katakai an manna su a jere kamar ɗinki.

"Wannan na sama, ƙofar tasi ce. Wancan dogon, ya jingine shi ne a bango ya juya yana faɗa da mai fiyano. Na ƙasa ban san dalilinsa ba, ya ƙi gaya min. Amma duk wasa ne. Kin ga fuskar nan gaba ɗaya? Ba ta taɓa ganin Italiya ba."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ina saurayi lokacin, ina riƙe wa babana fitila. Nagib ya diro daga tarago yana tafiya, don ya makara, ya faɗi a kan akwatin. Ya shigo nan yana kuka kamar yaro, fuskar celon a cikin gyalensa, guntu-guntu. Baya da gefe da wuya ne kawai suka tsira, su kam na can ne, ba ƙarya. Babana ya nemi katakon da ya dace ya rasa. Sai aka ce wani otel na Girkawa a bakin teku zai rufe, yana da tsohon fiyano. Ya saya ya farke shi, ya ciro allon cikinsa, da shi ya sassaƙa wannan. Wata biyar yana yi."

"Amma duk fayafayensa da muke ji..."

"Duk bayan nan aka ɗauke su. Ina karanta jarida suna yabon katakon mutanen da, sai in kai wa babana a gado in karanta masa, ya yi ta dariya. Nagib ya so ya faɗa, babana ya hana. Ya ce in aka san na Attarin ne, kunnuwan mutane za su canja."

Ya ɗauko buroshi ya tsoma a ruwan zafi ya fara wanke tsohon gam daga wurin da ya buɗe. Ya ce ta dawo gobe da la'asar, kada ta zo kafin nan, gam ba ya son a tsaya masa a ka.

Daga Attarin ba ta koma gida ba. Ta ce Wagdi ya kai ta Ziziniya. Madam Wedad ta buɗe ƙofa da sandarta, ta dubi hannuwan Nahid babu komai, ta dubi fuskarta.

"Shigo. Me kika fasa?"

Nahid ta zauna a bakin kujera ta faɗa mata tun daga matakala har shagon Usta Garabet, ba ta rage komai ba, har ƙaryar da ta yi wa jagoran makaɗa. Tsohuwar tana ji tana zuba gahawa a ƙananan kofuna.

"Tun Litinin kenan kike ɗauke da wannan? Da kin buga min waya ai da na ce ki kai wa Garabet ki je ki yi barcinki. Duk hunturu sai ya buɗe. Nagib yana ce masa mai mura."

"Na ji tsoro, Madam."

"Tsoron wa? Ni? Ko shi?" Ta nuna hoton marigayin a bango da haɓa. "Ku dai ya cika ku da tsoro, Allah ya ji ƙansa. Garabet ya ba ki labarin fiyanon?"

"Ya ba ni."

"Bakinsa ya saku da ya tsufa. To ai gara. Ni na gaji da riƙe shi ni kaɗai."

Nahid ta juya kofin a hannunta. Akwai tambayar da take cinta tun wata guda, yau kuma ta ji za ta iya yin ta.

"Madam, me ya sa kika ce ni? Akwai waɗanda suka fi ni, kin sani."

"Na sani mana, ba kurma ba ce ni. Amma shekara huɗun da ya yi a kwance, kowace Alhamis wa yake hawo benen nan ya zauna ya kaɗa masa, Nagib yana harararsa da ido ɗaya, in ba ke ba? Waɗanda suka fi ki sun aiko da furanni. Ni ba alƙaliyar kiɗa ba ce, 'yata. Ina so in zauna a zauren nan in ga fuskar da na sani, shi kenan. Ci basbusar nan, jiya aka yi ta."

Ranar Alhamis da la'asar Usta Garabet ya kwance matsan da ya ɗaure wurin da su, ya miƙa mata baka ya ce ta gwada. Ta ja babbar tsirkiya tun daga gindin baka har ƙarshe. Sautin ya fito a tsabtace, ya cika shagon, har mai agogunan da ke maƙwabtaka ya leƙo. Ta sake ja don kawai ta ji. Ta lura kuma cewa hannunta ya daina lallaɓa celon. Mako uku tana taɓa shi kamar mai jinyar tsoho. Yanzu da ta san abin da ya sha a hannun mai shi bai mutu ba, sai ta sakar masa nauyin hannunta, shi kuma ya amsa da muryar da ba ta samu ba a da.

A gwajin ƙarshe, safiyar Juma'a, ta tsaya gaban jagoran makaɗa ta gaya masa gaskiyar abin da ya hana ta zuwa da celon. Ya ce ya yi zargin haka, ya ɗaga sandarsa ya ce a ɗauko daga farko.

Ƙarfe shida aka buɗe zaure, ya cika har sama. Tsofaffin ɗaliban Ustaz sun zo daga Alƙahira, wasu da jikokinsu. Nahid ta fito da baƙar riga tana riƙe da celon a wuya, fitilu suka dake ta, ta kasa ganin kowa sai sahun gaba, inda Madam Wedad take zaune da sanda tsakanin gwiwoyinta. Ta zauna, ta kafa ƙafar celon a ƙasa. Makaɗa suka fara, suka yi ta tafiya ba ita, kamar yadda waƙar take. Jagora ya juyo ya dube ta, ta shiga.

Ba ta kaɗa kamar Ustaz ba, ba ta ma gwada ba. A kashi na farko yatsanta ya zame a wani hawa mai tsayi, sautin ya ɗan karkace, ta wuce ba ta tsaya jimami ba. A kashi na biyu, mai tafiyar hawainiya, zauren ya yi tsit har tana jin numfashin mai sarewa a bayanta. Da ta zo wurin da celo yake saura shi kaɗai a kan babbar tsirkiya, ta ji sahun masu celo sun shigo a ƙarƙashinta a hankali, ta gane bakan Sarwat a cikinsu. Daga nan har ƙarshe ba ta ƙara tunanin komai ba.

An daɗe ana tafi. Sau uku tana fita ana dawo da ita. A ɗakin baya ta kwantar da celon, ta cire takalmi, ta zauna ƙafa a miƙe. Sarwat ya leƙo ya ce ya ji zamewar nan ta kashi na farko kuma zai riƙa tuna mata har su yi ritaya, sannan ya sumbaci goshinta ya fita da sauri. Usta Garabet ya shigo cikin wata tsohuwar kwat, ya wuce ta kai tsaye ya ƙwanƙwasa gefen celon, ya ce ya riƙe, ya tambayi ko akwai mai mayar da shi Attarin.

Madam Wedad ce ta zo daga ƙarshe, Wagdi yana riƙe da hannunta. Idanunta sun yi ja amma muryarta tana nan yadda take.

"A kashi na biyu kin fi Nagib sauri."

"Ban lura ba, Madam. Ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Shi jansa yake yi har ƙafata ta mutu a kujera. Shekara arba'in ina gaya masa." Ta zauna a kusa da ita tana nishi. "Ku ba ni minti biyar in huta, sannan ku kai ni gida. Wagdi, ka bi da mu ta bakin teku, na ji an ce ruwan ya ɗauke."

Wagdi ya tafi kawo mota. Nahid ta jawo ƙyalle ta fara share ƙaro daga tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, su biyu suna zaune suna jin ma'aikata suna kwashe kujeru a dandamali.